Zauren WhatsApp Ma Kasuwa Ne



Mu 'yan kasuwar Naif, yau yawancin cinikinmu a waya yake. Mai shago a nan Dubai, da ɗan kago, da mai karɓar kaya a Kantin Kwari, duk suna zauren WhatsApp guda, ana tura hoton kaya da farashi da rasit. Alheri ne, in an riƙe amana.

Abu biyu muke roƙo. Na farko, a rubuta bashi, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Saƙon murya yakan ɓace in waya ta lalace. A rubuta adadi da ranar biya, a sa shaidu.

Na biyu, kada a tozarta wanda ake bi bashi a zaure. Dokar intanet ta ƙasar nan ta 2021 ta tanadi ɗauri ko tarar dirhami 250,000 zuwa 500,000 kan zagi ko ƙazafi, kuma baƙo ana iya korarsa. Iyalinsa a zango su ne za su sha wahala.

In rigima ta taso, a kawo ta gaban dattawa. Allah Ya sanya albarka a nemanmu.