Idan Gwamnati Ce Ake Tuhuma: Darasin Lockerbie da Tenere



Gwamnatoci ne ke sa hannu a yarjejeniyoyin yaƙi da ta'addanci, kuma su ne ake sa ran za su aiwatar. To yaya ke nan idan gwamnati ce da kanta ake tuhuma?

Yarjejeniyar Montreal ta 1971, wadda ta shafi kare jiragen sama na fasinja, ta tsaya a kan ƙa'ida guda: ƙasar da wanda ake zargi yake hannunta, ko ta miƙa shi, ko ta gurfanar da shi a kotunta.

An jarraba wannan ƙa'ida sau biyu a jere. Ranar 21 ga Disamba 1988 bam ya tarwatsa jirgin Pan Am a sararin Lockerbie da ke Scotland, mutum 270 suka mutu. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin UTA da ya tashi daga N'Djamena zuwa Paris ya tarwatse a hamadar Tenere ta Nijar, rai 170 suka salwanta. Duka biyun, bincike ya nuna jami'an Libiya da yatsa.

A batun Lockerbie, Libiya ta ce yarjejeniyar ta ba ta damar yi wa mutanenta shari'a a gida, har ta kai ƙara Kotun Duniya a 1992. Amurka da Birtaniya suka ga wannan tamkar a ba kura ajiyar nama ne. Sai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa Libiya takunkumi da ƙuduri mai lamba 748. A 1999 Libiya ta miƙa mutum biyu, alƙalan Scotland suka zauna a ƙasar Holan, suka kama Abdelbaset al-Megrahi da laifi a 2001, suka sallami ɗayan. A 2003 Libiya ta karɓi alhakin abin da jami'anta suka aikata.

Ku dubi diyyar. An amince da dala miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci na Lockerbie. Iyalan Tenere, waɗanda da yawansu 'yan Afirka ne, dala miliyan 1 aka tsayar musu a 2004. Laifi iri ɗaya, amma ƙarfin ƙasar da ke bin haƙƙi shi ya yanke farashi.

Giɓin da ke cikin doka idan gwamnati ce ake tuhuma bai toshe ba. Daftarin cikakkiyar yarjejeniya kan ta'addanci da Indiya ta gabatar a 1996 yana nan a maƙale a Majalisar Ɗinkin Duniya, domin ƙasashe sun kasa daidaitawa kan ma'anar ta'addanci da kuma matsayin ayyukan sojojin gwamnati.

Saboda haka shawarata ga ƙasashenmu na Afirka, waɗanda suka ƙulla Yarjejeniyar Aljiyas ta yaƙi da ta'addanci a 1999, ita ce su ƙarfafa kotunansu, su kuma riƙa bin haƙƙin 'yan ƙasa da murya ɗaya, domin kowace ita kaɗai ba ta da nauyin da za a saurare ta.