Amsa Ga Mai Tambaya Kan Zoben Da Ake Sa Wa Tsirkiyar Baka

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Gumel, wanda ya ce noma da fatauci ne sana'arsa, amma ya gāji harbi wurin mahaifinsa. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Amurka zai aiko masa da baka irin na can, har ya tambaye shi girman zoben leƙe da yake so a sa wa tsirkiyar. Shi ne yake so mu gaya masa ko mene ne wannan zobe, kuma wanne zai zaɓa.

To Malam, mun gode da takardarka. Bakan da ake nufi shi ne mai 'yan tayoyi a kai da gindi. Wani Ba'amurke ne daga jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, ya ƙago shi, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1969. Amfanin tayoyin shi ne idan ka ja tsirkiya ta kai ƙarshe, sai nauyin ya ragu, a wasu bakunan da kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Wato kana iya riƙe shi a ɗane, ka yi saiti a natse, ba irin namu ba da ake ja a saki nan take.

Shi zoben ɗan ƙarami ne, na alminiyam ko roba mai tauri, ana cusa shi tsakanin zarurrukan tsirkiya. In ka ja, sai ya zo daidai idonka. Ta cikinsa za ka leƙa ka ga saitin da ke jikin bakan, sannan ka ga abin harbi. Duk wanda ya taɓa riƙe bindiga ya san tana da saiti biyu, na gaba da na baya. To zoben nan shi ne na baya.

Batun girma kuwa, haske ne ke yanke shi. Da inci ake auna hudar. Masu gasa, waɗanda ke harbin allo da rana tsaka, sukan ɗauki ƙarama, kamar 1/16 ko 3/32 na inci, domin ƙaramar huda tana tsananta gani, kuma ba ta barin ido ya yi yawo. Amma kai maharbi ne, yaushe gada ko zomo ke fitowa? Da sassafe ne ko da almuru. A lokacin ƙwayar idon mutum takan buɗe don neman haske, in ka tare ta da ƙaramar huda, sai ka ja baka ka ga duhu kawai, naman kuwa ya yi gaba. Shi ya sa maharban can suka fi amfani da 3/16 na inci, wajen milimita 5 ke nan, ko 1/4, wato milimita 6 da ɗoriya.

Kana iya gwadawa tun bakan bai iso ba. Sami kwali, ka huda shi wuri biyu, ɗaya da basilla, ɗaya da ƙusa mai kauri. Bayan sallar magariba ka riƙe shi kamar rabin taƙi daga idonka, ka dubi rumbu ko bishiya ta kowace huda. Za ka ga bambancin da kanka. In kuma shekaru sun fara ja, ka haura hamsin, ka karkata ga babba, don idon dattijo ya fi na yaro bukatar haske. Mu dai a ganinmu ka ce wa ƙanenka 3/16, in idonka ya fara rauni 1/4. Ya kuma tabbata da'irar zoben ta dace da da'irar saitin gaba, yadda in ka leƙa za ka ga ɗaya ta zauna cikin ɗaya cif.

Akwai iri mai ɗan bututun roba da ke ɗaure da bakan, wanda ke juyo da zoben ya fuskanci ido. Yana aiki, amma ka tuna da ranar Gumel. Roba takan bushe ta tsage, in ta tsinke a lokacin da ka ja, fuskarka za ta nufo, kuma ido ba shi da na canji a kasuwa. Gara marar bututu.

Abu na biye, a sa zoben tun can. Ana sa shi ne da wata na'ura mai matse baka ta sassauta tsirkiyar, kuma ba lalle ka same ta kusa ba. Kada ka ce za ka buɗa zaren da wuƙa ko ƙusa. Zare ɗaya ya yanke, tsirkiyar ta tashi aiki. Abin da ya rage maka shi ne tsayinsa. Ɗana kibiya, ka fuskanci fili inda babu kowa, ka rufe ido ka ja har hannunka ya zauna inda ya saba a muƙamuƙi, sannan ka buɗe. In sai ka sunkuya ko ka ɗaga kai kafin ka gani, a matsar da zoben kaɗan, a ɗaure shi sama da ƙasa da zare mai ƙarfi. Kada kuma ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, bakan na iya fashewa a hannunka.

Ka kuma tambaya ko za a iya sa shi a bakan mahaifinka. A'a, Malam. Wannan ba shi da saitin gaba, saboda haka zoben ba abin da zai yi maka sai ɓata tsirkiya. Ko a wasannin Olamfik ma, bakan da ba shi da tayoyi an hana sa masa zobe. Mai tayoyin kuwa sai a 2028, a birnin Los Anjalis, zai fara shiga gasar.

Kafin a aiko da kayan, ka je ka ji ta bakin jami'an kwastan da na gandun daji game da izini, kada a riƙe maka su a tashar jirgi bayan ƙanenka ya kashe kuɗinsa. A gaishe mana da mutanen Gumel, sai mun ji daga gare ka.