Jawabin Kwamiti A Kan Baraji Da Maganar Toshe Makwarara

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwanmu da ke bida a Maradi, Yamai, Agadas, Kano da Legas, waɗanda wannan takarda za ta iske su can, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa.

Bayan haka, abin da ya tara mu yau shi ne baraji, watau madatsar ƙasar nan da ke tare mana ruwan korama. Kowa ya san abin da ta yi mana. Albasa da tumatir da kabeji da muke kaiwa kasuwar Tasawa da ta Mayahi daga bakinta suke fitowa, kuma mata da yawa da kuɗin garka suke rufa wa gidajensu asiri da rani. Sai dai shekarun nan ruwan yana ƙafewa tun albasa ba ta ƙosa ba. Saboda haka waɗansu 'yan'uwanmu na waje suka aiko da kuɗi da wasiƙa, suna cewa a sayi siminti da buhuna a ɗaga bakin makwarara kamu ɗaya, domin ruwa ya ƙaru. Mun gode masu ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma mu 'yan kwamiti ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Makwarara ita ce wurin nan mai ƙasa-ƙasa a gefen baraji, inda aka jera duwatsu cikin ragar ƙarfe. Mai kallo zai ce ɓarnar ruwa ake yi ta nan. To, ba haka ba ne. Bangon barajin ƙasa ce aka daddaɓe, kuma ƙasa tana iya tare ruwa mai yawa muddin yana tsaye a gabanta, amma ba ta jure ya bi ta kanta. Da zarar ya tsallake, sai ya fara cin bayan bangon, ya yi 'yar hanya kamar ta kusu, hanyar ta zama rami, ramin ya zama ƙofa, kafin gari ya waye bango ya tafi. Waɗanda suka auna aikin sun bar tazara tsakanin bakin makwarara da kan bango da gangan, saboda daren da za a yi ruwa irin wanda ba a saba gani ba. Kamu ɗayan da ake so a ƙara, daga cikin wannan tazara za a cire shi. Kuma kun san su wa ke kwana a ƙasan baraji: unguwar da ke bakin fadama, da garuruwan da korama ke bi bayan ta wuce mu.

Kada wani ya ce irin wannan ruwa ba ya zuwa ƙasarmu. Daminar 2024 ba ta yi nisa ba, kowa ya ga gidajen da suka rushe a Maradi da kewaye. A cikin wannan daminar, ranar 10 ga Satumba, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya ci unguwanni, har gidan yari da gidan namun daji bai bari ba. Dattawan da suka yi ci-rani a Kano suna tune da Bagauda, wadda ta fashe a watan Agusta na 1988. A Libiya kuma, inda yaranmu da yawa ke zuwa nema, madatsu 2 suka karye a saman birnin Darna a Satumban 2023, dubban mutane suka halaka. Waɗannan duka ayyukan gwamnati ne, da injiniyoyi da manyan motoci. Balle namu.

Hanya ta biyu da barajin ƙasa ke mutuwa ba ta da ƙara, shi ya sa ta fi ba mu tsoro. Ruwa yakan sami kafa ta cikin bango yana tsattsafowa ta baya. In tsattsafin fari ne tas, kuma ba ya ƙaruwa, a sa masa ido kawai. In kuwa ya fito da launin ƙasa, to bangon ne yake kwasowa daga ciki, sai a sanar nan take, ko da tsakar dare ne. Abin da ke buɗe wa ruwa wannan kafa mun san shi: ramin gafiya, gidan gara, tsagewar ƙasa da bazara, da saiwar itace. Muna jin nauyin faɗin wannan, domin mu mutanen Gulbin Kaba an san mu da tattalin itace, ba ma sare goruba ko gawo haka kawai. Amma kan bango ba wurin itace ba ne. Ran da ya mutu saiwarsa za ta ruɓe, ta bar wa ruwa bututu. Ƙananan a cire su tun yanzu. Manyan kuwa kada kowa ya tumɓuke su da kansa, sai ma'aikatan Jeni Riral sun zo sun gani, domin ramin da za a bari shi ma haɗari ne.

To, me ya sa ruwan ke ƙafewa da wuri? Rana da iska suna shan nasu, a ƙasa irin tamu abin yakan kai mita 2 a shekara, wannan ba mu da iko da shi. Amma babban ɓarawon shi ne yashi. Kowace damina korama tana kwaso rairayin gonakinmu na tudu ta zube a cikin tafkin, har inda dā babba ke nitsewa yau yaro yana tsayawa. Maganinsa yasa, da kuma tare ƙasar tun daga sama da rabin-wata da tassa da dashen ciyawa a bakin korama. Aiki ne mai wuya, ba ya kuma ɗaukar ido kamar siminti, amma shi ne zai dawo da ruwan.

Sa'an nan akwai doka. Dokar ruwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta ɗauki ruwa dukiyar al'umma, kuma aikin da zai sauya tafiyarsa sai da sanin hukuma. Dokar karkara ta 1993 ita ta kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyaya hanyarsu zuwa ruwa. Watau ko shingen garka ba a yarda ya rufe burtali ba. Ko ƙasa da ƙasa haka abin yake. Nijeriya ta gina madatsar Jibiya a kan kogin Gada, wanda shi ne ke zama Gulbin Maradi in ya shigo wajenmu, kuma mutanen fadamar Maradi sun ji a jikinsu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za a raba ruwan da suka haɗa. In mun ji zafin abin da na sama ya yi mana, ai ba ma yi wa na ƙasa da mu.

Mu ma kwamiti muna da namu laifi, ba za mu ɓoye ba. Bara mun ga ragar makwarara ta yage, yara suna kwasar duwatsun, muka ce sai bayan girbi, girbi ya wuce ba mu yi ba. Shanu kuma sun yi turba a kan bango muna kallo.

Ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi. Kuɗin da aka aiko a kasa shi biyu, kashi ɗaya na gyaran raga da cike turbar shanu, ɗaya na abincin masu yasa da hayar amalanke, a fara da zarar tafki ya bushe. A rubuta wa ƙaramar hukuma da Jeni Riral takarda su turo mai aunawa kafin ruwan farko. A zauna da makiyaya a keɓe mashaya nesa da bango. A naɗa mutum 2 masu zaga baraji kowace Juma'a, da kuma bayan kowane babban ruwa, a ba su fitila da kuɗin waya, mutanen bakin fadama kuma su san tudun da za su nufa in an yi shela.

'Yan'uwan da suka aiko da kuɗin, in akwai wanda bai yarda a juya shi haka ba, ya aiko da amsa ta hannun sakatare kafin taro mai zuwa, za a mayar masa da nasa cif. Wassalam.