Ƙarin Jini Da Taruwar Ƙarfe A Jiki: Yadda Za A Sha Magani Lafiya



Maganar da zan yi ta shafi gidajen da suke da mai ciwon amosanin jini, watau sikila, musamman waɗanda likita ya ɗora bisa ƙarin jini a kai a kai. Ba ƙaramar magana ba ce, domin an ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa a jini ko da shi kansa lafiyarsa ƙalau.

Ba kowane mai sikila ne yake bukatar ƙarin jini kowane wata ba. Amma akwai yaran da akan auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu, a tarar suna cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Ana yin wannan awo a Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba a Ikko, da wasu manyan asibitocin koyarwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙara wa irin waɗannan yara jini bayan kowane mako 3 ko 4 yana rage hatsarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Saboda haka ƙarin jini alheri ne babba. Sai dai Bahaushe ya ce zuma da zaƙi da harbi, kuma harbin wannan zuma shi ne ƙarfe.

Jajayen ƙwayoyin jini da sinadarin ƙarfe aka gina su. Babban mutum yana da kimanin giram 3 zuwa 4 na wannan sinadari a dukan jikinsa, abin da yake fitarwa kuwa bai wuce miligiram 1 zuwa 2 a yini ba, domin jiki ba shi da ƙofar zubar da rarar ƙarfe. Leda ɗaya ta jini tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250. Ku lissafa da kanku: wanda aka ƙara wa leda 20 ya karɓi aƙalla giram 4, watau daidai da abin da ke jikin lafiyayyen mutum gaba ɗaya. Rarar nan sai ta nemi wurin kwanciya. Ta kan taru a hanta har ta ƙandare, ta taru a zuciya har bugunta ya rikice, ta lalata gaɓar da ke daidaita sukari har ciwon sukari ya kama mutum, ta kuma hana yaro girma da balaga a kan lokaci. Abin tsoron shi ne duk wannan ɓarna a ɓoye take tafiya shekara da shekaru, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi, maigida bai sani ba sai ranar da ruwa ya zubo.

Likita yana gane yawan ƙarfen ta hanyar awon jini da ake kira feritin. Galibi idan an yi ƙarin jini sau 10 zuwa 20, ko kuwa awon ya zarce 1,000 ya zauna a nan, sai a fara shawarar magani. Amma ku sani zazzaɓin cizon sauro ko tashin ciwon sikila yana iya ɗaga wannan awo na ɗan lokaci, don haka ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an jera an ga inda ya dosa. Inda akwai hali, akan ɗauki hoton hanta da zuciya da na'urar maganaɗisu ta MRI.

Magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi ta fitsari ko bayan gida iri uku ne, kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko shi ne diferoksamin, wanda aka fi sani da Desferal, ana kuwa amfani da shi tun shekarun 1960. Allura ce da ake sa wa ƙarƙashin fata, wata 'yar na'ura tana tura ruwan a hankali na awa 8 zuwa 12, kwana 5 zuwa 7 a mako, yawanci da dare. A riƙa sauya wurin allurar don gudun kumburi, a kuma kula da tsabta ƙwarai. Idan zazzaɓi ya zo tare da ciwon ciki ko gudawa, a dakata a ga likita. Kada a sha bitamin C tare da shi sai da izinin likita, domin yawansa yana iya taɓa zuciya.

Na biyu shi ne diferifron, wanda za ku gani da sunan Ferriprox ko Kelfer. Yawanci sau uku ake shansa a yini. Hatsarinsa shi ne a jikin mutum 1 ko 2 cikin 100 yana karya fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin da ke yaƙi da cuta, shi ya sa ake awon jini kowane mako, musamman a shekarar farko. Iyayena mata, a nan nake roƙon ku buɗe kunne. Mun saba in yaro ya yi zazzaɓi sai mu ce na sauro ne, mu aika kemis. Yaron da yake shan wannan magani, da zarar ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, a tsai da maganin nan take, a kai shi asibiti a wannan rana a auna jininsa. Kada a bar abin ya kwana.

Na uku shi ne diferasiroks, sau ɗaya ake shansa a yini, ana kuma ba yara daga shekara 2. An amince da shi a Amurka a 2005 da sunan Exjade, wani kuma Asunra. Wannan nau'i narkar da shi ake yi a ruwa ko ruwan lemo, a sha da wofin ciki minti 30 kafin abinci, a ɗauraye kofin da ɗan ruwa a shanye. Ba a tauna shi, ba a haɗiye shi ɗungurungum, ba a kuma narka shi a madara ko lemon kwalba. A 2015 aka fito da wani nau'in mai suna Jadenu, wanda ake haɗiya da ruwa, da wofin ciki ko bayan abinci marar nauyi. Ku lura, awonsu ba ɗaya ba ne: inda akan fara na narkawa da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, na haɗiya da 14 ake farawa. Don haka idan mai sayar da magani ya ce wannan ya ƙare amma ga ɗan'uwansa, kada ku karɓa sai likita ya sake lissafi. Wannan magani yana iya taɓa ƙoda da hanta, yana kuma iya jawo zubar jini a ciki, saboda haka awon ƙoda da hanta da fitsari kowane wata wajibi ne. Idan yaro yana amai ko gudawa ko zazzaɓi har ya kasa shan ruwa, a dakatar da maganin a sanar da likita, domin ƙodar da ta rasa ruwa ba ta jure masa.

Mai shan Desferal ko Ferriprox zai ga fitsarinsa ya yi ja-ja. Wannan ba abin tsoro ba ne, ƙarfen ne yake fita. Alamun da za su sa a garzaya asibiti su ne baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, raguwar fitsari, kumburin ƙafa ko fuska, shawarar ido da ta ƙaru fiye da yadda aka saba, ƙuraje masu tsanani, raguwar ji ko ƙara a kunne, da dishi-dishin gani. Ko babu alama, a duba ido da kunne sau ɗaya a shekara.

Yanzu ga wasu ƙa'idoji da suka haɗa duka ukun. Da nauyin jiki ake auna su, don haka kada a ba yaro na ɗan'uwansa ko na ɗan maƙwabta, kuma a riƙa auna nauyinsa saboda yana girma. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya ninka washegari. Mace mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai niyyar ɗaukar ciki, ta faɗa wa likita tun da wuri, domin ana gudun waɗannan magunguna ga ɗan tayi. A ajiye su a inuwa nesa da yara, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji na talla a tasha ko cikin mota.

Sa'an nan akwai abin da muke yi da kyakkyawar niyya yana zama cuta. Ɗan'uwa ya zo dubiya, ya ga yaro ya yi fari, sai ya sayo masa kwalbar maganin ƙara jini. Yawancin irin waɗannan ƙarfe ne a cikinsu, ka ga ana kwashe ruwa daga jirgi wani yana zubawa. Folik asid da likita ya rubuta ba shi da ƙarfe, a ci gaba da shi. Haka kuma masu sikila sun saba da magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin, alhali haɗa su da diferasiroks yana ƙara hatsarin zubar jini a ciki da ciwon ƙoda. Magungunan ƙwannafi masu alminiyam su ma suna hana maganin aiki. Jiƙo da sassaƙe da agbo kuwa ba a san nauyin da suke ɗora wa hanta da ƙoda ba. Duk abin da mara lafiya yake sha, a zuba a jaka a kai wa likita ya gani.

Mu da muke zaune a Agege da Obalande, da Sabo ta Badun, da Anacha da Fatakwal, muna da matsaloli biyu na musamman. Ta farko harshe. Sau da yawa likita yana bayani da Turanci ko Yarabanci, uwa tana gyaɗa kai don kunya alhali ba ta fahimta ba. Matambayi ba ya ɓata. A tafi da wanda yake jin harshen, a sa likita ya rubuta awon da lokacin sha, a maimaita masa abin da aka ji. Ina roƙon sarakunanmu, Allah ya ba ku nasara, ku ware matasa masu ilmi da za su riƙa raka iyaye asibiti. Ta biyu tafiya. Mukan je gida sallah ko biki ko ta'aziyya mu yi wata guda ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi maganin da zai isa, a karɓi takarda daga likita mai nuna yawan jinin da aka ƙara, da awon feritin na ƙarshe, da sunan magani, don a nuna a asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. A kuma riƙa shan ruwa sosai a hanya. Mai niyyar azumi ya shawarci likitansa tun kafin watan ya kama.

Na san maganin yana da tsada, awon ma kuɗi ne. Amma idan aljihu ya gaza, kada a rage awo a ɓoye ko a riƙa tsallake kwanaki. A faɗa wa likita gaskiya, domin akwai wasu hanyoyi, kamar musanyar jini, inda ake cire na mara lafiya ana zuba sabo don kada ƙarfe ya taru da yawa, ko kuwa maganin haidiroksiyuriya ga yaran da ya dace da su. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da direbobi da mahauta su ma suna iya kafa asusun taimakon irin waɗannan gidaje.

Ƙarfen da ya taru cikin shekaru ba ya fita cikin mako guda, aikin watanni ne ko shekaru. Wanda ya daure yana sha kullum, yana zuwa awo kowane wata, shi ne yake tsirar da zuciyarsa da hantarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.