Jawabi A Kan Yawan Ƙara Da Abin Toshe Kunne

 

Mu mazauna Kudu mun san abin da kunnuwanmu ke sha: janareta a bakin shago, injin markaɗe, hon ɗin motoci, ga lasifika har tsakar dare. Wasunmu ko ƙofa aka buga sai gabansu ya faɗi, barci ya gagara, a wayi gari ana faɗa da iyali ba gaira ba dalili. To jama'a, wannan ba raki ba ne. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum na cikinta awa 8 kullum, tana cin ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Akwai ɗan soson toshe kunne, a tambaya a kemis. Murza shi ake yi ya sirance, a ja kunne sama, a zura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Auduga kam ba ta tare abin kirki. Rage ƙara yake yi, ba kashe ta ba, amma mai nauyin barci ya sa a tashe shi sallar Asuba.

Sai dai kada mu wuni da shi, don kunnen da ya saba da shiru, 'yar ƙaramar ƙara ma damunsa take yi. A cire in za a tsallaka titi ko hawa babur. Mai ciwon kunne, da wanda faɗuwar gaba ta ƙi barinsa, su fara ganin likita tukuna.