Lemon Ƙara Kuzari: Mu da Muke Sayarwa Mu Fara Gyarawa



Maganar yau ta taɓa aljihunmu. Da yawanmu muna sayar da lemon ƙara kuzari, kuma yana fita, ba ƙarya. Amma da muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka fara karanta rubutun jikin gwangwani, sai jikinmu ya yi sanyi. Ƙaramin gwangwani na mililita 250 kan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi 6, da sinadarin kafin, irin na goro da gahawa, wajen miligiram 80. To, wanda ya jera uku ko huɗu fa? Zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace, jini ya hau. Gajiyar kuma ba ta tafi ba, ɓuya ta yi. Wasu samarin har da ƙwayar tiramol suke haɗawa, wannan kuwa wasa da rai ne.

Su wa ke saye? 'Ya'yanmu ne, masu tuƙa keke da 'yan dako, har da 'yan makaranta.

Don haka mu yi alkawari: ba ma sayar wa yaro. Mai ciki da mai hawan jini kuma mu gaya musu gaskiya, ko da cinikin zai wuce mu. Ribar kwali guda ba ta biyan kuɗin gadon asibiti.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.