Gocewar Kafaɗa da Takardar Tambayoyi ta Asibiti



Wannan jawabi ya shafi gocewar kafaɗa, da kuma takardar tambayoyi wadda likita kan ba majinyaci domin a auna nauyin ciwonsa.

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa ta jikin ɗan Adam sakewa. Kan ƙashin damtse yana zaune ne cikin wani ɗan gurbi marar zurfi, kamar tulu a bisa gammo, jijiyoyi da tsoka su ne ke riƙe da shi. Idan mutum ya faɗi bisa hannunsa, ko aka murɗe shi wajen kokawa ko ƙwallo, ko farfaɗiya ta kayar da shi, ƙashin yana iya fita daga gurbinsa, galibi ta gaba. In abin da ke riƙe da shi ya yage bai warke sosai ba, sai kafaɗar ta riƙa gocewa a kai a kai. Wannan kuwa ya fi samun samari.

Hoton ƙashi yana nuna ko ƙashi ya koma gurbinsa, amma ba ya nuna halin da mai kafaɗar yake ciki. Ga misali, ɗan dako a tashar motar Jambutu yana iya daina ɗora buhu bisa mota don tsoron ɗaga hannu, abincin iyalinsa ya ragu. Masunci a kogin Binuwai kuwa, in kafaɗarsa ta goce yana cikin ruwa, ransa ne ke cikin haɗari. Irin wannan labari ba mai saninsa sai mai ciwon, domin ciwon da ke jikin wani ba a jin zafinsa sai ya faɗa.

Saboda haka ne masana suka tsara takardun tambayoyi. A shekarar 1998 likitoci a Jami'ar Western Ontario ta ƙasar Kanada suka fito da wadda ake kira WOSI, mai tambayoyi 21. Goma sun shafi zafi da raunin kafaɗa, huɗu aiki da wasa, huɗu zaman yau da kullum kamar barci, uku kuwa damuwar zuciya. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 100, watau jimla 2,100, kuma yawan maki shi ne yawan wahala. A 1999 aka fito da wata a Oxford ta Ingila, mai tambayoyi 12.

Amfanin takardar yana wajen maimaitawa. Ana cika ta kafin magani, sa'an nan a sake bayan watanni. In sakamako ya nuna sauƙi, gashi da motsa jiki sun yi aiki. In bai nuna ba, likita zai duba ko ana bukatar tiyata.

Lalle ne majinyaci ya faɗi gaskiya. Kada jarumtaka ko kunya ta sa shi rage ciwo, kada kuma ya ƙara gishiri don a tausaya masa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa cikin harshen da ya fi ji, Hausa ko Fulatanci, amma kada mai karantawa ya amsa a madadinsa.

Idan kafaɗa ta goce, kada a fizge ta da ƙarfi a gida, domin wani lokaci akwai karaya tare da ita, kuma ana iya lahanta jijiya hannu ya mutu. A rataye hannun da gyale, a hanzarta zuwa Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. In abin ya yi tsanani, akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, Kano.

Wanda ya ji, ya sanar da wanda bai ji ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.